DARASIN WANNAN WATA: TAKARDAR SHAIDA GA WANDA BAI SAMI MAKARANTA BA

An shirya wannan darasi domin a karanta shi a taron ƙungiya. Magatakarda ya karanta sashe ɗaya da ƙarfi, a dakata a tattauna, sa'an nan a ci gaba. Idan lokaci ya ƙure, a raba shi zama biyu. A tanadi allo da alli saboda lissafin da ke cikin sashe na 5.

Manufar darasi: mu ga yadda ƙungiyar manoma za ta koya wa waɗanda makaranta ta wuce su ilimin zaman duniya, ta rubuta shaidar abin da suka iya, kuma ta kai su inda ake ba da takardar da hukuma ta sani.

1. Su wane ne muke magana a kansu?

A ƙasar Gumel, watau ƙananan hukumomin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, yawancin ruwan sama yakan sauka ne daga watan Yuni zuwa Satumba. Da an yanke gero, an roro wake, an kaɗe riɗi, an ɓare zoɓo, sai dogon rani ya shigo. Samari su tafi cin rani Kano ko kudu. Waɗanda suka rage a gida kuwa, yawancinsu su ne waɗanda ba su da abin nunawa idan an ce, "Me ka iya?"

Ku duba cikin garinku. Akwai yaron da aka cire daga firamare domin kiwo. Akwai yarinyar da aka aurar kafin ta gama aji shida. Akwai almajirin da ya iya karatun allo da rubutun ajami, amma boko ya gagare shi. Akwai gurgu da kurma da makaho waɗanda ba a taɓa kai su aji ba. Akwai matar da mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya da gona.

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce kowane yaro a Nijeriya zai yi karatun shekara 9 kyauta. Doka ce mai kyau, amma ba za ta mayar da mai shekara 25 aji ɗaya ba.

Waɗannan mutane ba jahilai ba ne. Yaron kiwo yana gane akuya marar lafiya tun daga nesa. Matar nan tana matse man gyaɗa da babu irinsa a unguwa. Abu biyu suka rasa. Na ɗaya, ɗan ƙarin ilimi da zai kāre su daga cuta a kasuwa. Na biyu, shaidar da baƙo zai yarda da ita. Mutanen gari sun san gwani, amma mai ɗaukar ma'aikata da mai ba da rance ba su san shi ba.

2. Mene ne ilimin zaman duniya?

Watau abubuwan da mutum ke bukata kowace rana domin ya riƙe kansa da iyalinsa. Ga guda shida da suka shafe mu:

(a) Karatu da rubutu na bukata. Mutum ya rubuta sunansa, ya karanta rasiɗi da saƙon waya, ya gane ranar da magani zai daina aiki.

(b) Lissafin kasuwa. Mudu nawa ne cikin buhu, kilo nawa sikeli ya nuna, sefa nawa ce daidai da naira a ranar. Kasuwar dabbobi ta Maigatari tana ci ran Alhamis a bakin iyakar Nijar, kuma mai zuwa can ba lissafi yakan dawo da kuka.

(c) Lissafin gona. Hekta ɗaya mita 100 ce tsawo, mita 100 faɗi, watau kusan eka biyu da rabi. Buhun takin NPK 15-15-15 mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 7 da rabi na kowane ɗaya daga sinadaran nan uku. Buhun yuriya mai kilo 50 kuwa yana da kilo 23 na sinadarin da ke sa ganye ya yi kore. Wanda ya san wannan ba zai zuba yuriya inda ake bukatar NPK ba.

(d) Ajiya da tattali. A adana wake cikin buhun PICS, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro, mai leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje. Idan an ɗaure kowace leda tamau, iska ba ta shiga, ƙwari su mutu ba tare da an zuba guba ba.

(e) Riƙon kuɗi. Adashi, ajiyar banki, ɓoye lambar sirri, da gane nauyin bashi. A ce ka ranci naira 20,000 a kan ruwan 10 cikin 100 kowane wata. Bayan wata 5 ruwa kaɗai ya kai naira 10,000, za ka biya 30,000 ke nan.

(f) Magana da aiki cikin jama'a. Mutum ya tashi a taro ya faɗi bukatarsa a natse, ya saurari na wani, ya cika alkawarin lokaci.

3. Abin da muka gani a baya

Koyar da manya ba baƙon abu ba ne a ƙasarmu. A shekarun 1950 gwamnatin Jihar Arewa ta yi Yaƙi da Jahilci, aka buɗe azuzuwa a ƙauyuka, wanda ya ci jarrabawa aka ba shi takarda. A 1980, zamanin Gwamna Abubakar Rimi, Jihar Kano ta kafa hukumar ilimin manya. A lokacin Gumel tana cikin Jihar Kano, domin sai ran 27 ga Agusta 1991 aka ƙirƙiro Jihar Jigawa. Aikin hukumar ya yi suna har UNESCO ta ba ta lambar yabo a 1983.

A 'yan shekarun nan an ga wasu shirye-shirye biyu na taimako. Daga 2013 zuwa 2019 ƙungiyoyin Save the Children da Action Against Hunger sun gudanar da shirin tallafa wa mata masu ciki da masu goyo a Jigawa da Zamfara, kuma Gagarawa tana cikin ƙananan hukumomin da aka zaɓa. Ana ba mace kuɗi kowane wata, ana kuma koya mata ciyar da jariri da tsabta. Na biyu shi ne shirin Mafita, wanda gwamnatin Ingila ta ba da kuɗinsa. Ya fara a 2015, ya yi aiki a Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa. Ya nufi almajirai da 'yan mata da naƙasassu. Sai an fara da karatu da lissafi da ilimin zaman duniya, daga nan a koyi sana'a a cibiya ko a hannun maigida a shago.

Dukansu biyu sun ƙare. Haka shirin taimako yake: yana da ranar farawa, yana da ranar rufewa. Motoci sun koma, kuɗin wata ya tsaya. Abin da ya rage shi ne abin da ya shiga kan mutum, da takardar da ke hannunsa. Ƙungiyarmu kuwa ba ta da ranar rufewa. Saboda haka wannan aiki ya fi dacewa da mu.

4. Wata dabara daga Ingila

A birnin Biristol na Ingila akwai wata ƙungiyar taimakon ilimi mai suna ASDAN, wadda aka yi wa rajista a 1991. Malaman da suka kafa ta sun lura cewa akwai yara da yawa da jarrabawar zama a aji ba ta nuna ƙoƙarinsu: masu wahalar koyo, naƙasassu, da waɗanda suka gaji da makaranta. Sai suka shirya wata hanya. Ana ba ɗalibi ƙananan ayyuka na zahiri, kamar shirya abinci, tsara tafiya, riƙon kuɗi, ko taimakon jama'a. Kowane aiki ya yi, sai ya ajiye shaidarsa cikin fayil. Malaminsa ya duba, sa'an nan wani daga waje ya sake dubawa. Idan shaida ta cika, a ba shi takarda.

Ba muna cewa a aika Ingila neman takarda ba. Dabarar muke so, kuma ƙafa uku gare ta: a shirya, a aikata, a waiwaya. Ba ta bukatar gini ko injin. Tana bukatar littafi, da alƙalami, da mutane masu gaskiya. Hausawa sun ce gani ya kori ji.

5. Misali: turkar rago

A ce ƙungiya ta ba wata yarinya, mu kira ta Ladi, aikin turkar rago na kwana 90. Kuɗin da za mu ambata na misali ne kawai. Ku sa farashin kasuwarku a madadinsu.

A shirya. Kafin a sayi rago, Ladi za ta zauna da malamarta su amsa tambayoyi. Wace rana za a sayar, kafin Babbar Salla ko kafin Kirsimeti? Wane abinci ke akwai a gida, harawa ko kowa ko dusa? Me za a saya? Wa zai duba haƙoran ragon da lafiyarsa? Ina za a kafa turke a inuwa? A rubuta amsoshi a shafi na farko.

A aikata. Kowane kuɗi ya fita, a rubuta rana da abin da aka saya. Kowane mako a auna ƙirjin rago da igiya, a ƙulla alama, domin a ga ko yana ƙiba. Ranar da malamin dabbobi ya ba shi maganin tsutsar ciki, ya sa hannu a littafi.

A waiwaya. Bayan an sayar, a hau allo:

Kuɗin rago: naira 80,000
Abinci: naira 35,000
Magani: naira 3,000
Mota da la'ada: naira 4,000
Jimlar abin da aka kashe: naira 122,000
An sayar: naira 150,000
Riba: naira 28,000

Wanda ba ya rubutu zai ce ya saya 80,000 ya sayar 150,000, ya ci ribar 70,000. Da wannan ruɗi mutane da yawa suke cinye jarinsu ba su sani ba. Ladi kuwa ta ga ribarta 28,000 ce, watau naira 311 da 'yan kai kowace rana. Ta kuma ga cewa bayan kuɗin rago, abinci ne ya fi cin kuɗi. To, baɗi sai ta tara harawa tun da kaka, lokacin da take da araha.

Ku lura, cikin aiki ɗaya Ladi ta yi rubutu, ta yi lissafi, ta yi tattali, ta yi ciniki, ta tashi gaban taro ta ba da bayani. Ko da ragon ya yi ciwo an faɗi, ba a ce ta faɗi darasi ba, muddin littafinta ya nuna abin da ya faru da abin da za ta gyara.

Haka za a yi da ajiyar wake, da lambun rani, da renon dashen itatuwa, da matsar man gyaɗa, da gyaran famfon burtsatse.

6. Littafin shaida

Kowane ɗalibi ya sami littafinsa mai kauri. A shafin farko a rubuta cikakken sunansa da garinsu da ranar farawa. Kowane aiki ya sami shafi huɗu: shiri, aiki, waiwaye, da sa hannun masu shaida.

Masu shaida su zama biyu. Ɗaya daga cikin ƙungiya, amma ba ɗan'uwan ɗalibi na jini ba. Ɗaya daga waje, kamar malamin gona, ko malamin dabbobi, ko malamin asibiti, ko shugaban firamare. Kada mai shaida ya sa hannu a kan abin da bai gani da idonsa ba.

A sauƙaƙa wa kowa hanya. Almajiri ya fara rubuta nasa da ajami, boko ya biyo baya. Makaho ya faɗa da baki, magatakarda ya rubuta, a karanta masa ya amince. Kurma ya nuna da hannu. Matar da ba ta fita a aika mata malama har gida. Hanyar nunawa tana iya bambanta, amma ma'auni ɗaya ne ga kowa.

Wanda ya gama aiki shida, ɗaya daga kowane sashen ilimin zaman duniya, a ba shi takardar ƙungiya a gaban taro. A rubuta a jikinta ainihin abin da ya yi. "Ta turke rago kwana 90, ta riƙe lissafinsa daidai" ya fi "ta halarci horo" amfani nesa ba kusa ba.

7. Takardun da hukuma ta sani

A nan sai mu yi hattara. Takardar ƙungiya shaida ce ta maƙwabta, ba satifiket na gwamnati ba ne, kuma kada mu gaya wa ɗalibi haka. Matakala ce zuwa waɗannan:

(a) Takardar ilimin manya. Jihar Jigawa tana da hukumar ilimin manya, ta tarayya kuma an kafa ta a 1990. Karatun hawa biyu ne: na koyon karatu da rubutu da lissafi, sa'an nan na ci gaba. A tambayi jami'in ilimin manya a sakateriyar ƙaramar hukuma yadda za a yi wa ajinmu rajista, domin ɗalibanmu su shiga jarrabawarsu.

(b) Gwajin sana'a na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya. Daraja uku gare shi. Ana farawa da ta 3, a hau ta 2, a ƙare da ta 1. Kafinta da magini da makaniki da mai walda da mai haɗa wutar lantarki duk suna iya nema, kuma ana gwada aikin hannu.

(c) Jarrabawar NABTEB. An kafa wannan hukuma a 1992, hedkwatarta tana Binin. Tana shirya jarrabawar sana'a da ta kasuwanci. Tana kuma da ta gutsure-gutsure, inda mutum zai ci sashe ɗaya na sana'a a ba shi shaidarsa.

(d) Takardar NSQ. Majalisar zartarwa ta tarayya ta amince da tsarin a 2013, hukumar NBTE ta Kaduna ke kula da shi. Hawa-hawa ne, daga mataki na 1 zuwa sama. Mai gwadawa yakan ga mutum yana aiki, ya duba fayil na shaidarsa. Tsarin ya yarda a auna ƙwarewar da mutum ya samu a shago ko a gida, ko bai shiga makaranta ba. Wanda ya saba da littafin shaida ba zai ji wannan baƙo ba.

Kafin a je kowace jarrabawa, a tabbata sunan ɗalibi iri ɗaya ne a takardar haihuwa da katin ɗan ƙasa da littafinsa. Idan nan an rubuta Musa Audu, can kuma Musa Abdu, wahala tana gaba.

8. Gargaɗi huɗu

Na ɗaya, kada a sayi takarda. Akwai masu yawo suna karɓar kuɗi, su kawo satifiket ba gwaji. Ranar da aka miƙa wa mai irin wannan takarda guduma ko almakashi, asiri ya tonu, sunan garinsu ya ɓaci tare da nasa.

Na biyu, idan wata ƙungiya ta zo da horo, a karɓe ta da murna, amma a yi mata tambaya uku. Wace hukuma ce ta san takardarku? Wa zai gwada ɗalibai? In kun tafi, wa zai ci gaba? Kowane kuɗi aka biya, a karɓi rasiɗi.

Na uku, kada 'ya'yan shugabanni su cika aji. An buɗe shi ne domin wanda ba shi da kowa. A bar ƙofa a buɗe ga maƙwabta duka, ba tambayar addini ko ƙabila.

Na huɗu, a adana takarda. Gara da ruwan damina da gobara sun cinye shaidar mutane da yawa. A sa ta cikin leda, a ajiye a akwatin ƙarfe, a ɗauki hotonta da waya. Magatakarda kuma ya riƙe babban littafi mai sunayen duk waɗanda aka ba takarda, da rana, da masu shaida.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Mutum nawa ne a garinmu, daga shekara 15 zuwa 35, ba su da kowace takardar shaida? Nawa ne mata? Nawa ne naƙasassu?
2. Cikin abubuwa shida na sashe na 2, wanne ne rashinsa ya fi jawo mana hasara bara?
3. Me ya sa ake bukatar mai shaida daga waje? Idan mai shaida ya ƙi sa hannu a littafin ɗan shugaba, me ƙungiya za ta yi?
4. Wace sa'a ce ta fi dacewa da mata? Wace ce ta fi dacewa da masu kiwo?
5. Idan ɗalibi zai tafi cin rani, yaya zai ci gaba da littafinsa a can?

Aikin wannan wata

A zaɓi mutum uku, a cikinsu har da mace, su zama kwamitin ilimi. Su rubuta sunayen ɗalibai 10 na farko, su je gidajensu su nemi yardarsu da ta iyayensu ko mazajensu. A cire kuɗin littattafai 10 da alƙaluma daga asusun ƙungiya. Mutum ɗaya ya tafi sakateriyar ƙaramar hukuma ya gana da jami'in ilimin manya, ya kawo bayani a taro mai zuwa. A fara aikin farko da zarar an gama kai amfanin gona gida, kafin samari su kama hanya.